Ranar da Wuta Ta Ci Unguwarmu a Kaikai

A shekarun da Turawa ke can suna yaƙinsu aka yi ɗiban gwamna a ƙasarmu. Kowane gari sai ya ba da samari majiya ƙarfi, a tafi da su Jos haƙar kuza, ko suna so ko ba su so. Mijina na cikin waɗanda aka ɗiba daga Kaikai. Ya tafi bayan an gama kaka, ya bar ni da 'yar fari wadda ba a daɗe da yaye ta ba, da kuma ƙaramin ciki da ni kaina ban tabbatar da shi ba sai bayan tafiyarsa.

Ni 'yar Kusada ce, aure ya kai ni Kaikai. Ba mu da yawa a gidan. Akwai surukina, wanda nake ce wa Baba, da matarsa Inna. Akwai wan Baba, wani tsoho da idanunsa suka mutu tun kafin a kawo ni, kowa na ce masa Baba Babba. Sai ni da ɗiyata. Tun da aka yaye ta, ta koma wajen tsohon nan. Nan take cin abinci, nan take barcin rana a kan buzunsa, shi kuma yana yi mata hira kamar da babba yake magana. Ni kuwa, kamar kowace uwa a lokacin, ba na kama sunanta, ba na ɗaukarta a gaban surukai. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taras.

Ɗakunanmu duk kago ne, ginin laka da jinka a bisa, an kewaye gidan da darnin kara. Muna da rumbu biyu na kara inda ake zuba dawa da maiwa, da kuma ruhewa ɗaya, wato babban rumbun laka mai ƙaramin baki a sama. A cikinta geronmu yake, da irin da za a shuka in damina ta faɗi.

Inna mace ce marar yawan magana, amma a kan wuta ba ta gajiya da faɗa. A Kunduru ta tashi, kuma tana yarinya ta ga gobara ta cinye gidansu da ƙanenta a ciki. Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin, tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba. Saboda haka in bazara ta shigo, da an sauke tukunya sai a yayyafa wa murhu ruwa. Ba a ɗora harawa a rumfar da ke kusa da madafa. Randa ba ta kwana da rabi. A bayan gida kuma, ta wajen arewa, akwai wuri guda a jikin darni da ta hana a ɗaure da ƙarfi. Igiya ɗaya ce ke riƙe da shi, in ka fizge ta sai ya buɗe kamar ƙofa. Gaskiya a lokacin abin na gundura ta. In na dawo daga rijiya da cikina a gaba ta ce a ƙaro tulu guda, sai in riƙa cewa a raina tsohuwar nan dai ba ta son a zauna.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Kankia ce. Baba da yawancin magidanta sun kora jakuna tun da asuba. Sauran mazan suna gonaki suna shara, don hadari ya fara haɗuwa a gabas ko da yake bai zubar ba tukuna. Zafi ake yi irin wanda ko kaji sai sun saki fukafukai. Bayan azahar sai iska ta taso daga gabas, busasshiya, mai ƙarfi, tana ta kaɗa zana da tabarmi. Ina zaune a inuwar ɗakina ina kaɗi, Inna na gyaran ƙwarya.

Sai muka ji kururuwa.

"Gobara! Jama'a, gobara! A kawo ɗauki!"

Daga gabashin unguwa ne, gidan da ake tuyar ƙuli-ƙuli. Daga baya muka ji man ne ya kama, iska ta ɗebi harshen wutar ta manna wa jinkar madafa. Ko kafin in miƙe, hayaƙi ya turnuƙe sama, baƙi ƙirin, yana kwantowa wajenmu. Na jefar da mazari na sunkuci tulu zan fita.

Inna ta ce, "Aje shi. Ina za ki da ruwa?"

Na ce, "Inna, wuta!"

"Na gani. Wagga wuta da iska ta taho, tulu bai yi mata komi. Tahi ki hiddo tsoho da yarinya."

Na ruga ɗakin Baba Babba, wanda ke can kusa da zaure. Na ɗaga asabari, ba kowa. Na leƙa bayan ɗaki, na leƙa zaure, na fita har ƙofar gida. Mata da yara na ta gudu, kowa da abin da ya ɗauko, amma ba tsoho ba yarinya. Na dawo ina haki, na ce, "Inna, ba su nan."

Ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofar. Ba ta shiga ba, ta dai bi ɗakin da ido. Sannan ta juyo ta kama kafaɗata.

Ta ce, "Duba da kyau. Sandarsa ba ta nan. Buzunsa bai nan, butarsa ba ta nan. Wanda ya tsaya naɗe buzu ba a ruɗe ya hita ba. Suna tare, kuma sun riga mu. In kika bi su cikin hayaƙin ga da cikin ga naki, mutum uku za a nema maimakon biyu. Kwance bisashe."

Ban yarda da ita ba, amma ban iya yi mata musu ba. Na nufi turke. Awaki na ta fizge-fizge, igiya ta ƙulle tamau, sai da na sa lauje na yanke. Inna ta riga ta fizge igiyar nan ta bayan gida, darni ya wangame. Muka kora awakin da tinkiya suka fice gona a guje. Na kifar da akurki, kaji suka watse.

A lokacin sai ga matan maƙwabta sun faɗo gidanmu, don lungun da za su bi ya cika da hayaƙi. Cikinsu akwai matar malamin unguwarmu, ta ɗoro littattafan mijinta a ka cikin gafaka, jaririnta a baya. Inna ta nuna wa masu goyo da tsofaffi kafar da ta buɗe, ta ce su miƙe gonar da aka riga aka share, su tsaya a fako inda ba ciyawa. Masu ƙarfi kuwa ta tsaida su.

"Ku kama mini darnin gabas. In ya tsaya, shi za ya kawo mana ita."

Muka sa lauje da gatari muka yanyanke ɗaurin, muka tura shi ya kwanta, muka ja shi ƙiii har waje. Kara na yankar hannu, ba wadda ta kula. Wata yarinya mai ƙarfi, amaryar gidan da ke bayanmu, ita kaɗai ta janye rumfar harawa.

Daga nan Inna ta juya kan ruhewa. Ta ɗauko doguwar gora ta tunkuɗe 'yar jinkar da ke rufe da kanta, ta faɗo ƙasa, muka ja ta waje ita ma. Sai ta ce in tuttule randa a gindin ruhewar, inda ƙasa ke da laushi. Na tsaya ina kallonta. Ga wuta na zuwa, ita kuma tana cewa a zubar da ruwan da muke da shi ƙasa.

Ta daka mini tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Zuba, na ce! Ki kwaɓa!"

Na zuba. Na sa ƙafa da hannu na kwaɓa laka, na cika masaki. Na kama tsani zan hau, ta ture ni gefe. Tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa, ita ce ta haye tsanin nan da marufin laka a hannu. Ta kifa shi a bakin ruhewa, ina miƙa mata laka tana yaɓewa, tana bi da tafin hannu tana toshe kowace kafa. Iska na ta watso mana tartsatsi da guntayen bunu masu ci. Ƙarar wutar kuwa, ban taɓa jin irinta ba, kamar ana ta farfasa gora a cikin ruwan sama mai ƙarfi. Zafin ya kai in ka juya fuska gabas sai ka ji fatar na tsukewa.

Tana saukowa na ga hayaƙi na tashi a kanta. Wani guntun bunu ya sauka a kallabinta, ita ba ta ma sani ba. Ban san lokacin da na kai hannu na fizge kallabin na yar ba, na riƙa bugun gashinta da tafin hannuna mai laka. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin kan surukata a buɗe ba, balle in taɓa shi. Ta dube ni, furfurarta duk laka, ta ce, "To, ya isa haka, kar ki kashe ni."

Janye darnin ya rage wa wutar ƙarfi, amma bai hana ta tsallakowa ba. Muna tsaye muka ga rumbun dawa ya kama daga sama, bal, kamar an watsa masa mai. Na yi kamar in shiga ɗakina, don tasoshina na aure da zannuwana duk suna ciki. Inna ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar su. Mu tahi."

Muka fita ta kafar baya muna tari. Sai da muka kai tsakiyar gona na lura ashe akwai abu a hannuna. Ludayi ne, ludayin miya. Duk kayan da ke gidan, shi kaɗai na tsira da shi, kuma har yau ban san inda na ɗauko shi ba.

A fakon nan mata sun taru, kowace na jawo 'ya'yanta tana shafa kansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ba ɗiyata, ba tsoho. Duk ƙarfin halin da na ara wajen Inna sai ya ƙare nan take. Na tuna ɗakin da na leƙa, na ce anya na duba bayan randarsa kuwa? Anya ba ta firgita ta ɓuya a ƙarƙashin gadon kara ba? Na juya na ga jinkar ɗakin nasa na ci da wuta.

Sai na ji wata murya na ƙwala sunan ɗiyata, da ƙarfi, har maƙogwaro na karcewa. Ashe tawa ce. A gaban surukata, a gaban matan unguwa duka, na yi ta kiran sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ina kira ina gudu, daga wannan gefen gona zuwa wancan. Ba wadda ta ce mini kanzil. Inna ma ta biyo ni, kanta a buɗe, ita ma tana kira.

Wata Bafillatana mai tallar nono ce ta tare mu. Daga arewa ta fito, ta ajiye ƙwaryarta a gindin wani gawo tana kallon wutar.

Ta ce, "Wani tsoho makaho kuke nema, da 'yar yarinya? Suna can rijiya, gindin tsamiya. Na ba ta nono ma ta sha."

Rijiyar na da ɗan nisa daga gidaje. Ban san yadda na kai ba da nauyin da ke jikina. Tun daga nesa na hango farar rigarsa. Yana zaune a kan buzunsa, ya jingina da tsamiya, carbi a hannu. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure gefe ɗaya a ƙugun yarinyar, ɗaya gefen a wuyan hannunsa, don kar ta sulale ta nufi bakin rijiya. Ita kuwa tana tsugune tana jera 'ya'yan tsamiya a ƙasa, bakinta duk nono. Da ta gan ni sai ta ɗago ta nuna mini hayaƙi da yatsa, kamar wani abin kallo ne aka kawo mata.

Na durƙushe na rungume ta. Na shinshina kanta, na juya hannuwanta, na duba tafin ƙafarta. Ko ƙwarzane babu. Sai kuka ya zo mini, irin wanda ba ya da sauti.

Tsohon ya karkato da kai ya ce, "Wa ke nan? Uwar yarinya ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ina surukar taki?"

Inna ta iso tana dafe da gwiwa, ta ce, "Ga ni, Yaya. Amma ka tsorata mu. Ka hita ba ko sallama?"

Ya ce, "Na yi kira. Tun kahin a yi kururuwa na ji ƙaurin mai, na san ba na girki ba ne. Na kira ku, iska ta kwashe muryar. Na ce in na tsaya lalube cikin gida, ni da ita mun zama maku kaya. Hanyar rijiya kuwa ƙahwata ta san ta. Na saɓa ta a wuya, na bar iska a kuncina na dama, na yi ta tahiya." Sannan ya ce, "Kowa ya hito?"

Inna ta ce, "Kowa ya hito."

Ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, "To, alhamdu lillahi. Sauran duk kara ne da ciyawa."

Muka zauna nan gindin tsamiyar. Inna ta ja guga ta ba mu ruwa, ta wanke kanta, matar malam ta yago gefen mayafinta ta ba ta ta ɗaura. A lokacin mazan da ke gonaki sun iso a guje. Ba su tsaya kan gidajen da suka riga suka kama ba, sai suka wuce yamma suka riƙa sauke jinkar ɗakunan da wutar ba ta kai ba, suna kwantar da darni. Wajen la'asar iska ta faɗi, kamar an rufe mata ƙofa. Wutar ta ci abin da ke gabanta ta tsaya.

Baba ya iso kafin magariba. Tun a hanyar dawowa daga Kankia suka hango hayaƙin, ya bar wa wani jakunansa ya taho da ƙafa. Da ya zo fakon, bai tambayi gida ba. Ya dubi wansa, ya dubi Inna, ya dube ni, ya dubi jikarsa, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya cire hula. Can sai ya ce wa Inna, "Sannu." Ita ma ta ce masa, "Sannu da hanya."

Mai unguwa ya bi gida gida yana tambaya. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mai tuyar ƙuli-ƙulin ta ƙone a hannu, wasu gidaje sun yi asarar tumaki da suka rage a ɗaure, hatsi kuwa ya tafi da yawa. A gidanmu rumbunan kara biyu sun zama toka, jinkar ɗakuna duk ta tafi, sai bangaye baƙaƙe a tsaye. Tasoshina sun lanƙwashe sun manne da juna. Ruhewa dai na nan, ta yi baƙi, lakar da muka yaɓa ta gasu ta yi ja kamar tukunya. Baba ya ɗauko tsani zai buɗe, Inna ta hana. Ta ce jikinta da zafi, in iska ta shiga yanzu abin da ke ciki zai iya kamawa, a bari ta huce.

A gona muka kwana, mu da awakinmu da suka dawo da kansu. Da gari ya waye Baba ya hau, ya sa ƙotar fartanya ya fasa lakar. Duk muna ƙasa mun ɗaga kai, har da maƙwabta. Ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo damin gero. Na saman ya ɗan yi ja, yana ƙaurin hayaƙi. Ya sake zurawa ya jawo na ƙasa, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa tsabar a baki. Sai muka ga ya yi dariya.

"Lahiya lau yake. Har irin."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Nan take Baba ya fara miƙo dammuna, Inna na karɓa tana tura wa gidajen da ba su tsira da ko tsaba ba. Turmin da bai ƙone ba aka jawo shi fili, muka kewaye shi. Kunun safiyar nan ƙaurin hayaƙi yake, tuwon da muka ci har faɗuwar damina ma haka, amma ba wanda ya kwana da yunwa a unguwar. Samarin Yashe da na ƙauyukan kusa sun riga sun fara isowa da shuci da kara a ka, don a yi gayyar jinka.

Ina cikin daka, hantsi ya ɗaga, sai na ji ana salati a bayana. Na waiga. Mahaifiyata ce, ta taho tun daga Kusada da ƙafa, ba ko takalmi, zanenta duk ƙaya. Labari ya isa can tun jiya, kuma kamar yadda labari ke yi, ya ƙaru a hanya. An ce mata Kaikai ta ƙone ƙurmus, an ce wata mai ciki da ɗiyarta ba su fito ba. Da ƙyar aka riƙe ta har asuba.

Ta tsaya tana kallona da taɓarya a hannu. Ta matso ta shafa fuskata, ta shafa cikina, kamar mai son tabbatarwa. Ni ce 'yarta ta fari, ban taɓa jin hannunta a fuskata ba tun da na yi wayo. Sai ta tuna a gidan surukai take, ta janye hannun da sauri, ta gyara lulluɓi, ta juya wajen Inna ta durƙusa.

"Ashe abin da ya same ku ke nan. Allah ya mayar da alheri."

Inna ta ce, "Amin. Ɗiyarki ta yi aikin maza jiya. Ku zauna, ga kunu, sai dai ku yi haƙuri da ƙauri."

Mahaifiyata ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta zauna a kan wani kututture, ta jawo jikarta ta ɗora a cinya. Ta kurɓa, ta ba yarinyar ta kurɓa, sannan ta ce a ƙaro mata.